Sunan da Malam Uba Bai Rubuta a Allo Ba

Duk wanda ya yi zirga-zirga a bakin ruwan Tiga tsakanin 1981 da 1996 ya san allon nan, ko da bai san mai shi ba. Baƙin allo ne irin na makarantar boko, an kafe shi da ƙusa a bangon ofishin ruwa, ta gefen da ke kallon hanyar masunta. Ni kuwa kaskon suyar kifina yana ƙarƙashin darbejiya, taku goma sha biyu daga allon. Na ƙirga, don shekara goma sha biyar na yi ina wannan takun. Sunana Dije, kuma in ana neman wanda ya karanta Malam Uba daga farko har ƙarshe, ban san mai shan gabana ba.

Aikinsa na gwamnati ba shi da wuyar faɗi. Kullum da sassafe zai hau kekensa ya tafi inda aka kafa sandar awo a cikin ruwa, ya duba lambar da ruwa ya tsaya a kai, ya sa a littafi, ya dawo ya sa a allo saboda masunta da masu noman rani. Da yake ya san lambar ba ta gaya wa yawancinmu komai, sai ya ƙara a ƙasa: ya hau yatsa biyu, ko ya sauka yatsa uku. Duk wannan layi biyu ne. Sauran allon fili ne, shi kuwa Malam Uba ba ya iya ganin fili ya ƙyale.

Dogo ne siriri, kullum da guntun alli a bayan kunne, har gashin wajen ya yi fari tun kafin furfura ta zo. Bahaushe ne daga wata 'yar unguwa bayan Tudun Wada. Iyayensa Maguzawa ne, shi kuma ya shiga Katolika yana saurayi, a makarantar Fada, wato limamin cocinsu, ya yi karatu. Sunansa na baftisma Matiyas, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da shi ba. A takardun ofis Uba Tudun Wada ne. Yana da carbi mai ɗan gicciye a aljihu, wanda yayana Mudi, masunci, ya taɓa ƙirgawa ya ce bai cika ba, a mayar wa mai shago.

Abin da ya fara rubutawa a filin nan ban manta ba, don a lokacin nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, kuma sai da na yi rabin safiya ina haɗa baƙaƙen kafin magana ta fito:

"Yau na ga zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya fiye da rabin awa, bai kama komai ba, bai kuma tashi ba. Ni in na durƙusa minti biyar ina addu'a sai gwiwa ta fara kai ƙara. Wa ya koya masa?"

Na karanta wa masu jiran kifi, aka yi dariya. Washegari ya goge ya rubuta wani. Haka abin ya zama ɗabi'a: abin da ya gani jiya da idonsa, abin da ya tayar masa a rai, sannan tambaya a ƙarshe. Kullum tambaya. Bai taɓa ce wa kowa ya zo ya bi addininsa ba, kansa yake tuhuma a gaban jama'a, mu kuma muna son ganin an tuhumi wani ba mu ba. Da ya ga mutane suna tsayawa suna ba shi amsa da baki alhali yana cikin ofis, sai ya ɗaura guntun alli a zare ya rataye a ƙusa, ya ja layi a gindin allon, ya bar wa masu amsa wajen. Ranar da ya sake kawo maganar zalɓen nan, wani ya rubuta masa kalma ɗaya a ƙasa: "Yunwa."

A allon nan na san akuyarsu ta cinye shafi uku na littafin waƙoƙin coci. A nan na san su ma suna da azumi na kwana arba'in, wanda kowa yake barin wani abin da yake so, kuma shi goro ya bari. Kwana na tara ya rubuta cewa tun da ya fara, goro ya fi zo masa a rai fiye da Allah, ya tambaya ko shi ne ya saki goron ko goron ne ya riƙe shi. Mai goron bakin tasha ya aiko a rubuta masa cewa ƙofarsa a buɗe take.

Ni mace ce mai son jin ƙwaƙwaf, ban taɓa musun wannan ba. Wata rana na tare shi na ce me ya sa babban mutum mai iyali zai riƙa shanya cikinsa a bango. Ya ce Fadan da ya yi masa baftisma ya koya musu kowace rana mutum ya waiwayi wuninsa, ya ga inda ya gamu da Allah da inda ya ba shi baya. Ya gwada yi a zuci, amma a zuci kullum shi ne mai gaskiya. A allo kuwa ba dama, don in ya rubuta cewa jiya ya yi haƙuri, ni da na ji shi yana zagin sarƙar kekensa zan yi masa dariya. Na ce to ita leƙen taga da yake yi yana ƙirga masu karantawa, ita ma Fada ne ya koya masa? Ya sosa ƙeya ya ce a'a, wannan tasa ce, kuma duk shekara sai ya kai ta wurin furta zunubi, ta kuma biyo shi gida.

Matarsa Turai ƙawata ce. Daddawa da kuka take sayarwa, takan ajiye tirenta kusa da kaskona mu yi hira. Ita allon nan bai taɓa burge ta ba. Ta ce in tuwo ya kama a gidanta, kafin ta kankare tukunya masunta sun sani. Shekara ashirin da aurensu, Allah bai ba su haihuwa ba. Wannan kam bai taɓa hawa allo ba, kuma ko ni da bakina ban taɓa tayar da shi ba.

A shekara ta uku na lura da wani abu. Duk ƙarshen watan Oktoba allon yakan bushe. Lamba, yatsa kaza, shi ke nan, har kwana goma. Mutumin da ko zazzaɓi bai hana shi rubutu ba. Na farko na ce gajiya ce, na biyu na ce ko alli ya ƙare, na uku na kasa haƙuri na tambayi Turai.

Ta ce a farkon Nuwamba suna da ranar tunawa da matattu. Fada yakan zo a babur ƙaramin cocinsu na can gida, kowane gida ya kawo sunayen mamatansa a takarda, a zuba a ƙwarya a gaban bagadi, teburin ibadarsu. Sai a riƙa ɗaukowa ɗaya bayan ɗaya ana karantawa da ƙarfi, jama'a suna amsawa da roƙon Allah ya ba mai sunan hutawa. Maigidanta ne yake rubuta wa waɗanda ba su iya ba, shi ne kuma mai karantawa, don duk cocin ba mai muryarsa. Amma tun da mahaifinsa ya rasu, shekarar da aka tare ruwan nan, sunan tsohon bai taɓa shiga ƙwaryar ba. Na ce saboda me? Ta ce mutanen coci suna cewa don ya mutu a Maguzanci ne, ba a yi masa baftisma ba. Na ce haka ne? Ta ci gaba da jera daddawarta, ta ce haka dai suke cewa.

Wannan amsar ba ta ƙosar da ni ba, sai na tari shi kansa. Ya ce a'a, tun tuni Fada ya gaya masa babu abin da ya hana, rahamar Allah ba ta da sandar awo. Na ce to me ya hana? Sai ya tambaye ni ko kifin ƙarfasa ya fara shigowa. Na gane an rufe mini ƙofa, abin kuma ya tsaya mini a rai. Mutum ya rubuta sunan iyayen kowa, ya karanta da bakinsa, nasa uban yana waje.

Daminar 1984 ba ta yi ba, kowa ya sani. Zuwa bazarar da ta biyo baya ruwa ya ja da baya har muka fara ganin abin da ba mu zaci za mu sake gani ba. Mu 'yan tashi ne. Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwan nan, an tashe mu ina amarya, kuma Inna tana can, don ta rasu shekara biyu kafin tashin. Yaya Mudi, wanda da can ba ya ko kallon allo, sai ga shi kullum shi ne na farko a gabansa. Malam Uba ya lura. Ya shiga ofis ya tono wata tsohuwar taswira, ya sa Yaya ya nuna masa inda maƙabarta take daga masallaci, ya yi lissafinsa, ya ce in ruwa ya ƙara sauka kamu ɗaya da yatsa huɗu, wurin zai fito. Kwana goma sha tara muka yi muna ƙirga yatsu. Ban taɓa jin kalmar "ya sauka" ta yi mini daɗi da ciwo a lokaci ɗaya ba sai a kwanakin nan.

Ranar da lissafi ya cika suka shiga jirgin Yaya su biyu. Ni na tsaya a gaɓa, tunda mata ba sa zuwa. Sai bayan azahar suka dawo, Yaya idonsa ja, Malam Uba laka har cinya. Yaya ya ce sun sami wurin, rabin dutsen niƙan Inna da ya kafa a kan kabarin yana nan. Ya ce Malam Uba ne ya riƙa shiga gaba yana gwada laka da sanda, da suka isa kuma ya ja gefe ya cire hula ya tsaya har aka gama addu'a. A hanyar dawowa abu ɗaya kawai ya tambaya, wai da wane suna Yaya ya kira ta a addu'ar.

"Wane irin suna kuma? Inna na ce," in ji Yaya. "Allah bai san uwata ba ne?"

Malam Uba ya ce, "Kun huta. Mu sai an rubuta an karanta."

Washegari na yi sammako don in ga yadda zai ba da labarin. Ba komai a allon sai lamba da wata magana a kan tururuwa. Ashe mutumin ya san abin da ba nasa ba. Damina ta sauka, ya shiga rubuta "ya hau" kullum, ranar da ruwa ya sake rufe wurin kuma da baki ya je ya gaya wa Yaya, bai bari ya gani a bango ba.

Ƙarshen Oktoba ya zo, na shirya wa bushewar allo. Ranar Litinin sai na tarar da shi cike har gindi, da ƙananan baƙaƙe, ko wajen masu amsa da ƙyar ya bari. Mutane sun taru suna jirana. Na goge hannu a zane, na yi takuna goma sha biyu, na fara karantawa da ƙarfi yadda na saba, ban duba abin da ke gaba ba:

"Shekara goma sha ɗaya na bar mutane suna cewa na hana babana addu'a don ya mutu ba baftisma. Ƙarya ce, kuma shiruna ne ya raine ta. Gaskiyar ita ce ni ɗan fari ne, ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa rubuta shi ba. A cocinmu mai jin irin wannan nauyin yakan turo ɗansa ya faɗa, tunda jika ba ya kunyar sunan kaka. Ni ba ni da wanda zan tura. Na kuma ji tsoron a ce sauran Maguzanci ne bai fita daga jikina ba, a karɓe karatu daga hannuna, ni kuwa ina son karatun nan. Ɗan da kunya ta ɗaure wa baki, wa zai kai sunan ubansa?"

Sai da na furta "ba ni da wanda zan tura" na tuna Turai tana zaune a bakin kaskona. Na dai ƙarasa karatun. Da na waiwaya ta riga ta ɗora tirenta a ka, tana tafiya ba sauri ba nawa, ba ta kalli kowa ba. Na ji haushin kaina, na ji haushinsa. Ciwon da matar nan ta rufe shekara ashirin, shi ya buɗe da alli, ni kuma na yi masa shela.

Amma fa na sami amsar tambayata, kuma na ji kunyar ban gano ta da kaina ba. Mu duka nan ba wanda yake kiran sunan ubansa. Ni dai ban taɓa tunanin akwai inda za a ce sai ɗa ya tsaya a gaban jama'a ya ɗaga murya ya faɗe shi ba. Nan take na gane abin da ya sa ya zama Uba Tudun Wada a takarda, sunan gari a wurin sunan uba.

Ranar zaren allin nan bai huta ba. Wani ya rubuta, "Allah ya san sunan." Wani ya ce ya tambayi Fadansu. Wata Bafulatana mai nono, da na maimaita mata, ta ce wannan ai semteende ce, wato kunya, kuma ba ta taɓa jin an nemi maganin mutunci ba. Injiniya Shitu, shugaban ofis, ya fito ya karanta sau biyu, ya ce allon gwamnati ne, a goge kafin azahar. Amma bai cire allin daga ƙusa ba. Ranar Laraba Katikis Labaran, mai kula da cocinsu in Fada ba ya nan, ya iso a keke yana huci. Wai a Kwanar Dangora ya ji maganar cocinsa daga bakin direban babbar mota. Ya ce me ya hana Malam Uba ya zo masa a ɗaki? Malam Uba ya ce da ɗaki ya je, da shirun zai sake yi. Katikis ya ce to ran Lahadi ya kawo takardarsa kamar kowa, ko ya bari, ya hau kekensa ko ruwa bai sha ba.

Saura kwana huɗu ke nan, allon ya koma lamba tsura, mai shi kuma ya rame a ido. Na san ba zai rubuta ba. Na san Turai ba za ta faɗa ba, ina ita ina sunan suruki. To amma ni fa? Ni ba 'yarsa ba ce, ba surukarsa ba, kuma a allon ɗansa na iya rubutu. Abin da ya rage in san sunan.

Ina juya kifi sai na tuna wani abu. Malam Uba bai taɓa faɗin sunan unguwarsu ba. Kullum "wajenmu" ne, in zai shiga mota kuma sai ya ce a sauke shi a tsamiya biyu. Akwai wani direba, Umaru, mai bin hanyar Tudun Wada, yakan tsaya sayen tarwaɗa. Na tambaye shi yaya sunan unguwar da ke tsamiya biyu. Ya ce Gidan Nomau mana. Na ce wane ne Nomau? Ya ce tsohon da ya sari wurin, ya rasu shekarar da aka tare ruwa. Na ƙara masa kan kifi kyauta, bai san dalili ba.

Sai kuma zuciyata ta fara wasi-wasi. Ni Musulma, in rubuta takardar da za ta shiga ƙwaryar coci? Na kai wa Yaya Mudi maganar yana gyaran komarsa ta kamun kifi.

"Ni ba malami ba ne, Dije," ya ce. "Suna ne za ki rubuta, ba sallarsu za ki yi ba. Mutumin nan ya shiga laka har cinya saboda Inna."

Ba ni da wata takarda sai ta buhun siminti da nake naɗe kifi. Na yago gefen da na ga ya fi tsabta, na ari fensir, na rubuta. Sau huɗu ina yi kafin ya fito yadda ba za a yi mini dariya ba. Ranar Asabar da safe, kafin su tafi gida, na sami Turai ita kaɗai tana ɗaure kaya. Na ba ta haƙuri. Ta ce ba ni ba ce, kuma tun Litinin ba ta ce masa ko sannu ba. Na miƙa mata takardar a ninke na ce sunan surukinta ne a ciki, in ta ga dama ta jefa a ƙwarya, in ba ta ga dama ba, ta hura wuta da ita. Ta kalle ta, ta kalle ni, ta ƙulle ta a haɓar zane.

Na dawo ina jin kaina. Ni Dije na warware abin da ya gagari mai taswira shekara goma sha ɗaya. Sai ran Lahadi da hantsi, mai yana tafasa a kasko, abin ya faɗo mini: wa zai karanta? Rabin matsalar na gyara, na haɗa masa tarko da ɗaya rabin. Zai buɗe takarda a gaban jama'a ba shiri, ya ga sunan da bakinsa ba zai iya ba. Kifin kasko biyu na ƙona ranar nan.

Abin da ya faru a cocin daga bakin Turai na ji. Ta ce ta jefa takardar lokacin da mutane suka yi layi. Fada ya zauna, Malam Uba ya tsaya da ƙwarya a gabansa yana ɗauko fararen takardu yana karantawa, jama'a suna amsawa. Can sai ya ɗauko wata ruwan ƙasa mai tabon mai. Ya buɗe. Ya tsaya. Ta ce ta ga ya buɗe baki ya rufe, cocin ya yi tsit har ana jin kukan akuya a waje. Katikis Labaran ya ɗan motsa zai taso, ya fasa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana cewa ta kashe mijinta da kunya.

A benci na gaba akwai wata tsohuwa mai suna Baturiya, taubashiyar marigayin ce, sun yi wasa tun suna yara, idonta ya kusa tafiya. Ita ce ta gaji da shirun.

"Ɗan nan, wa ka gani a takardar?"

"Mai gidanmu ne, Gwaggo," ya ce, da ƙyar aka ji.

Tsohuwa ta dafa sanda ta miƙe, ta juya wajen da take zaton Fada yake. "Nomau ne, Fada. Nomau mai gardama. A sa shi a ciki."

Turai ta ce wasu suka yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, sai cocin gaba ɗaya ya amsa da roƙon Allah ya ba shi hutawa, kuma muryar Katikis ta fi ta kowa. Malam Uba bai mayar da takardar cikin waɗanda aka karanta ba. Ya ninke ta ya sa a aljihun da carbinsa yake, ya share fuska da hannun riga, ya ɗauko ta gaba.

Ran Litinin ban iya jira ba, tun kafin in hura wuta na je gaban allo. Wannan karon sai da na karanta a zuci tukuna.

"Ya sauka yatsa ɗaya. Jiya an ambaci babana a gaban Allah, ba da bakina ba. Takardar tana ƙarnin kifi. Na roƙi matata gafara kafin in rubuta wannan, ita ta ce in rubuta."

Na duba sama na duba ƙasa. Da ya fito na ce, Malam, ina tambayar? Ya ce yau ba shi da ita. Bai ce mini na gode ba, ni ma ban ce na yi wani abu ba. Ya dai tsaya a bakin kasko ya fi yadda ya saba, daga baya ya ce, Malama Dije, rubutu ya fara kyau, amma layi yana gangarawa.

Tun daga ranar, duk abin da zai hau allo sai Turai ta fara ji a gida, abin da ya sa labarin tuwo ya ragu, masunta suka yi ta ƙorafi. Allon bai sake bushewa a Oktoba ba. Duk ƙarshen watan nakan tarar da farar takarda an danne da dutse a gefen kaskona, ba sallama ba bayani. In rubuta, in ba Turai. Baturiya ta rasu bayan shekara uku, amma cocin ya riga ya koya: in Malam Uba ya buɗe takarda ya yi shiru, jama'a ne suke faɗin sunan. An ce har wasu 'ya'yan fari suka riƙa yin haka. Ni dai har muka rabu ban taɓa jin sunan nan daga bakinsa ba, kuma ban taɓa so in ji ba.

Ya yi ritaya a 1996 suka koma gida. Wanda ya gaje shi yaron kirki ne, lamba kawai yake rubutawa, zaren allin ya ruɓe a ƙusa. Takardar dai ba ta fasa zuwa ba, ta hannun Umaru direba. A daminar 1998 Umarun ne ya kawo mini labarin Malam Uba ya rasu, bayan jinyar kwana shida. Na je gaisuwa na dawo, na ɗauka shi ke nan tsakanina da tsamiya biyu.

Ƙarshen Oktoba sai ga Turai da kanta ta sauko daga mota. Ta zauna a inda tirenta yake zama, ta ci kifi, ta tambayi Yaya Mudi da yara da kowa. Sai da ta wanke hannu sannan ta kwance haɓar zane ta fito da farar takarda. Mace ba ta kiran sunan mijinta, wannan ba sai an gaya mini ba.

"Bana biyu ne," ta ce.

Na rubuta na tsohon a sama. Na ce mata na ƙasan fa, na baftisma zan sa ko na gida? Ta ce in sa wanda nake kiransa da shi, shi ne wanda yake amsawa. Na dafa takardar a gwiwa na rubuta, layin bai gangara ba. Sai dai dole na tashi na nemo wata na sake, don ta farkon ta jiƙe da hawaye.